In Aiki Ya Kai Ka Haidarabad

Samarin fadarmu ta hira a unguwar Birni, Damagaram, sun dame ni da tambaya kan zaman Indiya tun da na zo hutu, biyu daga cikinsu har sun samu alkawarin aiki a Indiya. Ni tafinta ne a wani asibiti a Haidarabad, ina tsakanin likitoci da majinyatan da ke zuwa daga ƙasashenmu, saboda haka birnin da na sani zan faɗa.

Tun kafin ka bar Damagaram, ka nemo karnenka, wato katin rigakafin shawara, ka sa shi cikin fasfo. Ɗan Nijar ba ya wuce filin jirgin Indiya ba da shi ba, ana iya killace mutum na kwanaki.

In ka sauka, takarda ce farko, yawon ganin gari ya jira. Wanda bizarsa ta aiki ta wuce kwana 180 dole ya yi rajista da ofishin baƙi, FRRO, cikin kwana 14 da isowarsa. Ta intanet ake yi, amma za su nemi takardar wurin aiki, hoto, da shaidar inda kake kwana. Nan ne mutane ke tuntuɓe. Mai gida shi ma doka ta ɗora masa ya sanar da hukuma cewa baƙo na zaune a gidansa, da wata takarda da ake kira Form C, kuma wasu masu gidaje ba sa son wannan wahala. Ka tambaye shi tun kafin ka ba da ko rupi ɗaya. In ya fara kame-kame, nemi wani gida. Yarjejeniyar haya galibi ta wata 11 ce, da kuɗin ajiya a gaba; a rubuta, a sa hannu, ka riƙe kwafi. Unguwar Tolichowki ta fi sauƙi ga sabon zuwa, don akwai ƴan Afirka da Larabawa, masu gidajen sun saba da baƙar fata. A wasu unguwannin za a bi ka da kallo, wani ma ya ce gidan an riga an kama da zarar ya gan ka. Ka haɗiye, ka wuce.

Sai layin salula. Airtel ɗin da ka sani a nan kamfanin Indiya ne, akwai kuma Jio. Je babban shagonsu da fasfo da biza, ƴan tebur ba sa iya yi wa baƙo rajista. Da lambar ne za ka buɗe asusun banki, da asusun ne za ka samu UPI, wato biyan kuɗi ta salula. Mai shayi, mai lemo, mai keke-napep, kowa ya liƙa lambarsa. In an ce albashi lak kaza ne, lak ɗaya dubu 100 ke nan.

Hanya kuwa hagu suke bi. Ƙafarka ta saba da duba hagu kafin tsallaka titi. Can dama za ka fara dubawa. Jirgin ƙasa na cikin gari, wanda aka buɗe a 2017, ya fi komai kwanciyar hankali. Mai babur na Rapido kabu-kabu ne kawai da ake kira ta salula, kuɗin a rubuce, ba ciniki.

Abinci ne ke karya mutane a wata na biyu. Biriyani na da daɗi, amma ba cikin da zai jure shinkafa da yaji safe da dare. Ka sayi tukunya. Abin da ya ba ni mamaki, kasuwarsu cike take da kayan miyarmu: gero suna ce masa bajra, dawa jowar, kuɓewa bhindi, yakuwa kuma gongura, har sun fi mu son ta. Akwai tsamiya, akwai zogale, akwai kindirmo a kowane shago. Garin gero da nono da ɗan sukari sun isa ka dama abin da zai riƙe ka har la'asar. Kuka da daddawa da kilishi ne babu, amma kilishi kar ka ɗauka, nama ne, zai iya jawo maka magana a filin jirgi. Naman shanu ma ka bi a hankali: a unguwannin Musulmi kawai za ka saya, yawanci na ɓauna ne, kuma kada ka buɗe shi a wurin cin abincin ma'aikata. Ruwan sha a jarka mai lita 20 ake kawowa gida.

Masallaci ba wuya, birnin na da Musulmi da yawa, Makka Masjid na nan dab da Charminar, shahararren ginin tarihi na birnin. Sai dai Hanafiyya ne, la'asarsu tana jinkiri sosai, in ka saki hannu a sallah kuma wani dattijo zai tambaye ka. Ka ce Malikiyya, magana ta ƙare. Juma'a ranar aiki ce, ka nemi izinin awa ɗaya daga shugabanka tun makon farko.

Agogonsu ya riga namu da awa huɗu da rabi. In kana son ka samu Inna bayan isha'i, tsakar dare ta wuce a wurinka, gobe kuma aiki. Ni da safiyar Lahadi nake kira, ranar hutu a Indiya, lokacin ita ta idar da asuba.