Fitilar da ta dace da ƙadangare mai gemu

Ƙadangare mai gemu asalinsa ɗan busasshen dajin tsakiyar Ostireliya ne, inda yake hawa dutse ko kututture ya baje yana shan hantsi. Hasken UVB, wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, shi ke sa fatarsa ta haɗa bitamin D3, da shi kuma jikinsa ke tsotsar kalshiyam daga abinci. Idan aka ajiye shi a ɗaki babu wannan hasken, ko ana barbaɗa masa garin kalshiyam zalla a kan gyare kullum, ƙashinsa zai yi laushi, muƙamuƙi ya saki, ƙafafu su lanƙwashe, ya riƙa karkarwa. Abin tausayi ne ƙwarai, kuma ƙashin da ya lanƙwashe da wuya ya sake miƙewa.

Ni doguwar fitila nake saya, samfurin T5 HO (siririya mai ƙarfin haske), ko dai ta kamfanin Arcadia mai UVB kashi 12 ko ReptiSun 10.0 ta kamfanin Zoo Med, tare da gidanta mai ƙyalli a ciki da ke turo hasken ƙasa. Tsawonta ya kai kusan rabin kejin: keji mai santimita 120, fitila mai santimita 55 zuwa 60. Ƙaramin ƙwan nan mai murɗe-murɗe ya fi araha, amma ɗan wuri kaɗan yake haskawa. Ba na ba kowa shawarar sa.

Inda aka fi yin kuskure shi ne tazara. Idan fitilar tana cikin kejin, a bar santimita 30 zuwa 45 tsakaninta da bayan ƙadangaren, wato daga bayansa za a auna lokacin da yake kwance a kan dutsensa, ba daga ƙasan keji ba. Idan a kan ragar murfi aka ɗora ta, ragar na iya cinye kusan sulusin hasken, sai a ɗaga dutsen ya matso. Gilashi kuwa tare UVB yake yi kusan gaba ɗaya, don haka ajiye keji kusa da taga ba ya maye gurbin fitila. A sa ta gefe ɗaya da fitilar zafi, domin inda yake neman ɗumi nan zai sha hasken, ɗaya gefen kuma a bar masa inuwa da maɓuya.

Awa 12 a kunne ta isa, da dare a kashe komai.

Fitilar kan ci gaba da haske fes alhali ƙarfin UVB ɗinta ya ragu sosai, ido kuma ba ya gani. Shi ya sa nake rubuta ranar da na ɗaura ta a jikin gidanta, in canza T5 duk shekara, T8 kuwa (doguwar fitilar da ta fi T5 kauri) duk wata 6. Mai hali ya sayi na'urar Solarmeter 6.5 mai auna ƙarfin hasken UV, ya nemi awon 4 zuwa 6 a wurin kwanciyar. Kuma don Allah a duba kwali da kyau: fitilar UVC ta kashe ƙwayoyin cuta ce, tana ƙona ido da fata, kada ta kusanci kejin.