Makin GPA mai ƙari: yadda jami'o'in Amurka suke karanta shi, da yadda za ka lissafa na ɗanka

Ranar da babbar 'yata ta kammala aji 11 ta kawo min takardar sakamakonta, a can ƙasa an rubuta 4.3. A sanina ma'aunin GPA, wato matsakaicin makin ɗalibi, a Amurka daga 4.0 ba ya wucewa, don haka na ɗauka yarinya ta ƙure ma'auni, kowace jami'a ma za ta karɓe ta hannu bibbiyu. Da muka zauna muka bi ƙa'idar Jami'ar Kalifoniya muka sake lissafi, sai makin ya sauko 4.0. Babu wanda ya cuce ta, mudun ne ya bambanta. Abin da na koya a wannan shekarar shi nake so in ajiye wa iyayen da 'ya'yansu ke sakandare a nan, tun kafin lokacin cike takardu ya zo musu.

Ka fara da gane cewa maki iri biyu ne. Akwai tsura, inda A ke da 4, B 3, C 2, D 1, F kuma sifili, komai wuyar darasin ko sauƙinsa. Akwai kuma mai ƙari, inda makaranta ke ɗora wani abu a kan darussa masu nauyi: na AP, wato darussan matakin jami'a da ake ɗauka tun a sakandare waɗanda hukumar College Board ke gudanarwa, na IB, wata manhajar sakandare ta ƙasa da ƙasa, da ajin zaƙaƙurai da za ka ga an rubuta masa Honors. A makarantu da yawa A a darasin AP 5 ne, B kuma 4. To amma babu wata dokar ƙasa da ta daidaita wannan. Wata gunduma tana ba ajin zaƙaƙurai rabin maki, wata cikakke, wata ko kaɗan ba ta ƙari, wata ma da ma'aunin 100 take aiki. Yara biyu masu darussa iri ɗaya da sakamako iri ɗaya za su iya fitowa da lambobi daban saboda kawai titi ya raba gundumominsu. Masu tantance ɗalibai a jami'a sun san haka sarai, shi ya sa ba sa jera lambobin makarantu daban-daban su zaɓi mafi girma.

Abu na farko da za ka nema shi ne takardar bayanin makaranta, wadda suke kira School Profile. Mai ba ɗalibai shawara ne ke haɗa ta da sakamakon yaro ya tura wa jami'o'i, kuma yawanci tana shafin makarantar na intanet. A ciki ake bayyana yadda ake lissafin maki, darussan AP nawa ake koyarwa, da ko ana jera ɗalibai bisa matsayi. Da ita jami'a ke auna ɗanka. In makarantarsu AP uku kacal take da su kuma ya ɗauki ukun, ya yi iyakar abin da aka ba shi dama. In ashirin take da su ya ɗauki ɗaya, za a lura. A takardar da mai ba da shawara ke cikewa ta Common App, wato fom ɗin neman gurbi da jami'o'i da yawa ke amfani da shi, ma akwai wurin da yake nuna nauyin darussan da yaro ya zaɓa idan aka gwada da na sauran 'yan ajinsu. Ni a ganina wannan ɗan akwatin ya fi lambar da ke ƙasan takarda tasiri a manyan jami'o'i.

Sannan ka ɗauki biro ka yi lissafin da kanka. Tsarin Jami'ar Kalifoniya ya fi kowanne fitowa fili, shi ya sa nake son a koya da shi. Ba sa saka makin aji 9, daga hutun bazarar da ke bayansa suke farawa har zuwa hutun bayan aji 11. Darussan karatu da suka amince da su kawai suke ƙirgawa, waɗanda suka raba rukuni bakwai, daga A zuwa G: tarihi, Turanci, lissafi, kimiyya, wani harshe, zane ko kiɗa, da darasin zaɓi na share fagen jami'a. Motsa jiki ba ya ciki. Alamar ƙari ko ragi da ke gefen harafi ba ta da aiki, B+ da B- duk 3 ne. Kowane zango (rabin shekarar karatu) na darasi mai nauyi yana samun ƙarin maki 1, amma ƙarin ba ya wuce zango 8, kuma daga aji 10 ba a ɗaukar fiye da 4. D ba ta samun ƙari. Ga wanda ba mazaunin jihar ba ne, ajin zaƙaƙurai na makarantarsu ba ya samun komai, sai AP da IB da darussan kwaleji da aka yarda da su.

Ga yadda na 'yata ya fita. A shekara biyun tana da sakamako 24, A guda 16, B guda 8. A ɗin sun ba da 64, B ɗin 24, jimilla 88. In ka raba da 24, tsurarsa 3.67. Ta yi zango 10 na AP, amma 8 aka ƙirga, ya zama 96, aka raba da 24 ya fito 4.0. Makarantarsu tana ba ajin zaƙaƙurai cikakken maki, daga can sauran ƙarin ya fito, kuma duk ya zube saboda ba a Kalifoniya muke ba. Mafi ƙarancin makin da jami'ar ke karɓa 3.0 ne ga mazauna jihar, 3.4 ga na waje, sai dai wannan ƙofar shiga gasa ce kawai, a rassanta na Berkeley ko UCLA waɗanda ake ɗauka sun yi mata nisa.

Sauran jami'o'i kowace da nata. Jami'o'in jihar Fulorida suna sake lissafi da manyan darussa, su ba AP da IB maki 1, ajin zaƙaƙurai rabi. Wasu suna cire ƙarin gaba ɗaya su dubi tsura, su auna nauyin darussa daban. Masu zaman kansu da yawa layi-layi suke karanta takardar: me ya ɗauka, me ya samu, makin hawa yake yi daga shekara zuwa shekara ko sauka. Kada ka yi zato. Ka duba shafin ɗaukar ɗalibai na kowace jami'a, in ba su faɗa ba ɗanka ya rubuta musu ya tambaya, suna amsawa. Ka kuma nemi Common Data Set nasu, wato takardar alƙaluman da jami'a ke fitarwa duk shekara: sashe C7 yana nuna abin da suka fi bai wa muhimmanci, C11 da C12 suna nuna makin waɗanda suka ɗauka. Hattara da C12, domin wasu mai ƙari suke rubutawa, wasu tsura, wasu su bar shi fayau.

Akwai inda lambar makaranta take aiki kai tsaye, kada wani ya ce maka banza ce. A Tekzas, tun dokar 1997, wanda ya fito cikin kashi 10 cikin 100 na saman ajinsu yana da gurbi a jami'o'in gwamnatin jihar, ko da yake Jami'ar Tekzas ta Austin ta matse nata ƙasa da haka. Wannan matsayi yawanci daga maki mai ƙari ake fitar da shi. Haka tallafin karatu, wasu suna da lambar da in ba ka kai ta ba ba a ko duba ka, kuma tallafin HOPE na Jojiya, mai neman 3.0, hukumar jihar ce ke lissafa nata. Sai ka bincika wane maki suke nufi tun yaro yana aji 9.

Abin da ya fi damuna a wannan tsari shi ne yadda yake sa yara gudun abin da suke so. Ƙanen yarinyar nan yana son zane ƙwarai, amma ya zo ya ce min zai bar ajin. Dalilinsa, matsakaicinsa ya haura 4, zane kuma ba shi da ƙari, don haka ko A ya samu 4 ce, za ta ja shi ƙasa. Lissafinsa daidai ne, kuma ya ba ni tausayi. Na ce ya ci gaba da zanensa. Jami'ar da za ta sake lissafi ba ta damu da wannan ɗan ragin ba, Kalifoniya ma shekara guda ta zane ko kiɗa wajibi ce a wurinta.

Tambayar da kowane uba ke yi ita ce: B a AP ta fi, ko A a ajin gama-gari? Ni B a AP nake zaɓa, in darasin yana kan hanyar abin da yaro ke son karanta. Amma in ya kwaso AP biyar, barci ya gagare shi, C suka fara fitowa, ƙarin ba zai rufe su ba, domin harafin yana nan a takarda kowa na gani. Gwamma uku da zai riƙe da kyau.

Wajen cike Common App, yaro ya rubuta makin yadda yake a takardar makaranta, ya nuna ma'aunin, ya nuna mai ƙari ne ko tsura. Kada ya juya shi da kansa zuwa wani ma'auni. Kuma kada ya saki jiki a aji 12, domin jami'o'i da yawa suna neman sakamakon tsakiyar shekara, dukkansu kuma suna karɓar na ƙarshe, kuma suna iya janye gurbin da suka bayar in suka ga maki ya faɗi warwas.