Yadda ake ganin ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin halittar tsiro a fatar tattasai

Ƙwayoyin halittar tsiro zaman maƙwabtaka suke yi. Kowacce da katangarta, amma akwai 'yan kafofi da ake miƙa ruwa da sukari da saƙo daga wannan gida zuwa wancan. Masana suna kiran kafofin filasmodesmata. Masanin tsirrai Eduard Tangl ne ya fara bayyana su a 1879, wani masanin tsirrai, Eduard Strasburger, kuma ya raɗa musu suna a 1901. Da tattasai guda malamin bayoloji zai iya nuna wa ɗalibai inda suke.

A nemo jan tattasai wanda ya nuna sosai, sabuwar reza, gilashin silaid da murfinsa, ruwa, da maikiroskop mai ƙara girma sau 400.

Da farko a yanko ɗan yanki kamar farce, a kwantar da shi fatar tana ƙasa, a riƙa kankare naman a hankali har sai fatar ta yi shara-shara, haske na ratsa ta. Nan aikin yake. Idan aka bar nama ko kaɗan, jan duhu kawai za a gani, a yi ta zargin na'urar ba laifinta ba. Sai a ɗora fatar a kan ɗigon ruwa, a sauke murfin a karkace don kada kumfa ta shiga.

A fara dubawa da ƙaramin ƙarfi, a nemo gefen da ya fi siranta, sannan a koma sau 400 a ɗan rage haske. Katangun za su fito da kauri, a gutsuttsure kamar carbi. Tsakanin kowane "ɗan carbi" da na kusa da shi akwai siririn rami, yana kallon ramin maƙwabciya daidai wa daida. A nan filasmodesmata suke taruwa.

Sai dai a gaya wa ɗalibai gaskiya: ƙofar suke gani, hanyar kanta ta fi ƙarfin wannan na'ura. Faɗinta wajen nanomita 50 ne (nanomita miliyan ɗaya ke yin milimita ɗaya), maikiroskop mai aiki da haske kuwa ba ya rarrabe abin da bai kai nanomita 200 ba. Mai aiki da ilektiron ne ya nuna cikinta, don haka a zana a allo: bututu ne da tantanin ƙwayar halitta ya lulluɓe, a tsakiyarsa akwai wani matsattsen bututu, desmotubul, kaya kuma suna bi ta ratar da ke tsakanin su biyun. A bakin hanyar tsiro yakan tara wani sinadari, kalos, ya tsuke ta in ya ji rauni. Ƙwayar cutar da ke yi wa ganyen taba dabbare-dabbare ma ta nan take bi, tana da furotin mai buɗe mata hanya.

In akwai sauran lokaci, a ɓare fatar jar albasa a shirya ta kamar ta tattasai. A ɗiga ruwan gishiri a gefen murfin, a tsotse ta ɗaya gefen da tishu. Cikin 'yan mintoci abin da ke cikin ƙwayar halittar zai takure ya bar katanga, wasu siraran zaruruwa na riƙe da shi, wasunsu a daidai bakin kafofin nan. Ba kullum suke fitowa ba, sai an ƙara rage haske an yi haƙuri. A mayar da ruwan daɗi, ƙwayar za ta sake cika ta manne da katangarta.