Yadda ake ɗaukar hoton tsohuwar Kombi mai gilashi biyu

Tun da na sa hoton Volkswagen ɗin da na gani a wani gareji nan Yamai, kuna ta tambayata yadda aka yi ta fito haka. Irin wadda aka ƙera a Jamus daga 1950 zuwa 1967 ce, gilashin gabanta rabe biyu. Ga yadda nake yi.

1. Nemi izinin mai motar.
2. Jira sai bayan la'asar. Hasken rana tsaka yana kashe launin fenti a hoto.
3. Goge gilasan da tsumma mai ɗanshi. Hattara: busasshen tsumma kan ƙurar hunturu zai karce gilashin, samun wani kuwa sai an sha wuya.
4. Juya bayanka ga rana.
5. Durƙusa daidai tsayin fitilun gaba. Daga nan ne fuskarta ke fitowa sosai, da layin V ɗin da ya sauko ya rungume babban tambarin VW. Ni dai nan na fi daɗewa.
6. Daidaita sandar da ta raba gilasan a tsakiyar allon wayarka.
7. Matsa gefe kaɗan in ka hango inuwarka a gilashin. Nan mutane suka fi yin kuskure.
8. Kashe filasha, sannan ka ɗauka.