Yadda za ka gane ruwan Okeechobee ya iso bakin kogi, da abin da ya kamata ka yi

Ina zaune a Stuart, a gabashin jihar Filorida ta Amurka, inda kogin St. Lucie yake haɗuwa da ruwan teku. A nan ruwan kogi da na teku suke cakuɗuwa, gishirinsa ya zama tsaka-tsaki, kuma a kan wannan tsaka-tsakin kawa (wata halittar ruwa mai ɓawo biyu) da ciyawar teku da ƙananan kifi suke rayuwa. Duk lokacin da tafkin Okeechobee ya cika, hukumar injiniyoyin sojan Amurka takan buɗe ƙofofi ta sako ruwa gabas ta magudanar C-44 zuwa wajenmu, yamma kuma ta kogin Caloosahatchee zuwa Fort Myers. Suna da dalilinsu: a 1928 guguwa ta sa tafkin ya balle, mutum fiye da 2,500 suka rasu, shi ya sa aka gina ganuwar Herbert Hoover kewaye da shi. Amma mu da ke ƙasa mu ne ruwan yake faɗowa kanmu, kuma da yake ruwan tafkin ba shi da gishiri, sai ya rage gishirin namu.

Abu na farko, kada ka jira sai idonka ya gani. Hukumar tana sanar da yawan ruwan da za ta saka, kuma a intanet ana iya duba abin da ke fita ta ƙofar S-80, wadda ke kan magudanar St. Lucie. Mutanen yamma kuma su duba S-79. Idan ka ga yawan ruwan ya ƙaru, ka san kwana kaɗan ya rage ya iso.

Na biyu, ka mallaki ƙaramar na'urar auna gishiri, irin wadda masu kiwon kifin ado suke amfani da ita. Ɗigo ɗaya ake ɗigawa a kan gilashinta, ka rufe, ka leƙa ta wajen haske. Ruwan teku yana da gishiri kusan kashi 35 cikin dubu. Kawa tana jin daɗi a tsakiya, ta kuma jure ƙasa da haka na ɗan lokaci, amma idan gishirin ya faɗi ƙasa da 5 ya daɗe a nan makonni, sai ta rufe bakinta ta daina ci, daga baya ta mutu. Ka riƙa auna wuri ɗaya, a lokaci ɗaya na cikar ruwa, ka rubuta a littafi. Ni da farko na yi kuskuren auna saman ruwa kawai. Ruwan da babu gishiri ya fi sauƙi, yana shawagi a sama, mai gishiri yana ƙasa inda kawar take. Yanzu ina ɗaura kwalba a igiya in ɗebo na ƙasa ma.

Sai launi. Ruwan tafki yakan zo da duhu kamar ruwan shayi mai ƙarfi, hasken rana ba ya isa ga ciyawar teku, sai ta mutu a ƙarƙashin ruwa. Idan ka ɗaga kawa daga jikin turken gada ka ga bakinta a wangale, cikinta babu komai sai laka, ta riga ta tafi.

Abin da ya fi tsoratar da ni shi ne gansakuka mai kore-shuɗi. Tafkin cike yake da sinadarin fosfaras daga gonaki da wuraren kiwon shanu, da zafi ya yi sai gansakukar ta yi ta haihuwa, ta biyo ruwan har zuwa nan. A 2016 ta taru a tashoshin jiragen ruwa ta yi kauri, warinta ya hana mutane tsayawa, har gwamna Rick Scott ya ayyana dokar ta-ɓaci. Wani irinta yana fitar da guba mai illa ga hanta. Idan ka ga ruwa kamar an zuba koren fenti, kada ka shiga, kada ka bar yaro ko kare ya kusance shi, kada ka ci kifin wurin. Tafasa ruwan ba ya kashe gubar. Ka ɗauki hoto, ka rubuta wuri da lokaci, ka tura wa hukumar kare muhalli ta jihar; tana da shafin karɓar irin waɗannan rahotanni.

Wani abin da mutanen gabas suke mantawa: Caloosahatchee yana buƙatar ɗan ruwan tafki da rani, in ba haka ba gishirinsa ya yi yawa. Saboda haka idan za ka je taron jin ra'ayin jama'a kan LOSOM, tsarin sakin ruwan tafkin wanda ya fara aiki a 2024, ka tafi da littafin ma'auninka, ka faɗi wata da wurin da gishirin ya faɗi.