Yadda ake haɗa tukunyar wuta ta Sinawa a gida

Sinawa suna kiran wannan abinci huoguo, ma'ana tukunyar wuta, kuma sunan ya dace da shi, domin tukunyar romo ce mai yaji da ake ɗorawa a kan wuta a tsakiyar masu ci, kowa yana tsoma ɗanyen nama ko ganye yana tsamewa da kansa. Irin mai zafin da ta fi suna ta birnin Chongqing ce da lardin Sichuan, a kudu maso yammacin ƙasar Sin, kuma ana danganta asalinta da 'yan dako da matuƙan jiragen ruwa na bakin kogin Yangtze, waɗanda suke sayen tumbi da sauran kayan ciki da araha su dafa cikin kitse da barkono. Mu da muka saba zama a kan faranti ɗaya ba za mu ga baƙon abu a wannan zama ba, sai dai girkin ne ya baro madafa ya dawo kan tabarma. A nan Garwa, a arewacin Kamaru, lokacin da ya fi dacewa shi ne daren hunturu, cikin Disamba ko Janairu. Wanda ya tara mutane a gaban tafasasshen barkono a zafin Afrilu ya ɗauki alhakinsu.

Aikin mai gida kusan duka a romo yake, don haka da shi ake farawa tun da rana. Domin mutum shida, a sami ƙashin sa kilo ɗaya da rabi, a tafasa shi minti biyar, a zubar da ruwan farko, a ɗauraye ƙashin, sannan a mayar da shi cikin ruwa lita 4 tare da citta ɗanya da albasa guda. A bar shi yana dahuwa a hankali awa biyu zuwa uku, ana kwashe kumfa, daga nan a tace. A ware kamar lita ɗaya da rabi a buta, saboda romon zai riƙa ƙonewa yayin ci, kuma da shi za a riƙa ƙari.

Kashi na biyu shi ne soyayyen yaji, wanda ɗanɗanon tukunyar ya dogara a kansa. Mutanen Sichuan suna kiran wannan ɗanɗano mala: la shi ne zafin barkono, ma kuwa shi ne wani dindiris da ke kama harshe da leɓe, wanda ake samu daga 'ya'yan wani itace da suke kira huajiao. Samun huajiao a kasuwanninmu sai an dace, amma masu sayar da kayan yaji suna da ɗan uwansa, wato fasa-ƙwari, domin su biyun daga dangin itace ɗaya suke mai suna Zanthoxylum, kuma duk wanda ya taɓa tauna ɓawon fasa-ƙwari don ciwon haƙori ya san wannan dindiris ɗin. Ƙamshinsu ya bambanta, na Sinawa ya fi kusa da lemo, saboda haka nakan ƙara ɗan ɓawon lemun tsami. Guntun fasa-ƙwari kamar tsawon yatsa, a ɗan daddaka shi, ya isa karon farko. Haka nan Sinawa suna sa wani manɗaƙon wake da barkono mai suna doubanjiang, da baƙin waken suya da aka ruɓar. Daddawa cokali biyu tana tsayawa a madadinsu fiye da yadda mutum zai zata. Giyar shinkafa da ke cikin girkinsu a bar ta, babu abin da zai ragu. Wanda kuma ya samo haɗaɗɗen yajin tukunyar wuta a leda daga shagon Sinawa a Yawunde ko Njamena, to ya tabbatar babu kitsen alade ko giya a ciki kafin ya buɗe.

A jiƙa busasshen barkono kamar giram 70 a ruwan zafi na minti ashirin, a tsane shi, a kirɓa a turmi ba tare da ya yi laushi sosai ba. Idan ana son ja ba tare da zafi ya yi yawa ba, rabi ya zama busasshen tattasai. A narkar da kitsen sa giram 250 tare da man gyaɗa rabin kofi, a soya albasa da citta da tafarnuwa har su yi ja, a kwashe albasar, sannan a zuba barkonon da daddawa a rage wuta ƙwarai. Ana juyawa ba ƙaƙƙautawa na minti ashirin zuwa talatin, har man ya rine ja wur, ruwan barkonon ya ƙone. Sai a ƙarshe ake sa kirfa sanda ɗaya, kanumfari biyar, masoro kaɗan, fasa-ƙwari, da ƙaramin cokali na sukari. A karona na farko na yi gaggawa, na watsa busasshen barkono cikin mai da ya riga ya fara hayaƙi. Nan take ya baƙe, tari ya kori kowa daga tsakar gida, romon kuma ya yi ɗacin da gishiri bai gyara ba. Jiƙawar da ƙaramar wutar su ne maganin wannan. Idan yajin ya soyu a juye romo a kai, a sa gishiri, a bari su tafasa tare minti goma sha biyar.

Nama kuwa sirrinsa a yanka yake. Dole ya zama fale-fale kamar takarda, domin a cikin daƙiƙu zai dahu. Ana iya sa tsokar a firiza ta awa ɗaya ta ɗan sandare kafin a yanka, amma hanya mafi sauƙi ita ce a kai wa mai kilishi ko mai tsire na unguwa, wanda hannunsa ya saba da feɗe nama, a gaya masa ana so ya fi na tsire siranta. Kilo ɗaya na sa da rabin kilo na rago sun wadatar. Tumbi mai ganye-ganye a wanke shi sarai a yayyanka faɗin yatsu biyu. Giwan ruwa na Binuwai ko na Lagdo, madatsar da Sinawa suka yi aikin gina ta aka kammala a 1982, yana da tsoka mai ƙarfi wadda ba ta wargajewa a romo, a yanka shi da ɗan kauri. Awara ita ce ainihin abin da Sinawa suke sawa, kuma soyayyiya ta fi shan romo. Sai kabeji, alayyafo, salak, dankalin turawa da kabewa a yanka sirara, da taliya. A guji kuɓewa don za ta sa romon yauƙi, a guji yakuwa don tsaminta zai danne komai. Kowane abu a farantinsa, ɗanyen nama nesa da ganye.

Kowane mai ci a ba shi ƙaramin kwano na man riɗi da dakakkiyar tafarnuwa da ɗan gishiri, kamar yadda ake yi a Chongqing, domin man yana huce loma ya kuma rage kaifin barkono. Mai son tunkuza ko lawashi ya ƙara.

A shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a ajiye ƙaramin risho na gas ko murhun gawayi a ƙasa mai daidaito, a ɗora tukunya mai faɗin baki wadda ba ta da zurfi sosai. Kada a kunna gawayi a rufaffen ɗaki ko da sanyi ya yi yawa, saboda iskar da yake fitarwa tana kisa ba tare da an ji warinta ba. Yara su zauna bayan manya, a riƙa miƙa musu; Sinawa suna da tukunya mai rabe biyu saboda marasa son yaji, mu kuma ƙaramar tukunya ta biyu da farin romo za ta yi wannan aiki. Tun da hannu ba ya shiga tafasasshen ruwa, a tanadi matsami biyu, da dogayen tsinkaye ko cokali mai yatsu, kuma abin da aka ɗauki ɗanyen nama da shi kada a kai shi baki.

Idan romo ya tafasa a fara jefa dankali da kabewa, su ne masu daɗewa, kamar minti takwas. Daga nan nama, yanka biyu ko uku a lokaci guda, ana tsamewa da zarar jan ya ɓace, abin da ba ya wuce rabin minti. Game da tumbi Sinawa suna da ƙa'idar da suke kira "bakwai sama, takwas ƙasa", wato a tsoma a ɗaga har kimanin daƙiƙa goma sha biyar, in ya wuce haka ya zama roba. Wanda bai natsu da wannan ba ya ɗan tafasa tumbin tun a madafa. Kifi yana buƙatar minti uku, kaza kuwa in an sa ta sai ta dahu har ciki. Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne juye faranti guda a tukunya, sai tafasar ta mutu, naman ya taru ya yi tauri, don haka yana da kyau mai gida ya nuna da hannunsa sau ɗaya kafin ya ce bisimilla. Ganye yana zuwa daga baya saboda yana kwasar mai da barkono, taliya kuma ita ce ta ƙarshe, lokacin da romon ya sha nama ya yi kauri. Jan romon ba a kurɓarsa kamar farfesu. A ajiye kindirmo mai sanyi a kusa, domin ya fi ruwa kashe zafin barkono, a kuma ɗora shayi a kan ragowar garwashin.