Ga ƙannena masu zuwa karatu Manchester: gida, kicin da maƙwabtanmu Yahudawa

Duk Satumba muna tarbar sababbin ɗalibai daga Kano, Zariya, Sakkwato da Jos. Layin waya, asusun banki da rajistar likita ba za su ɗauke ku dogon lokaci ba, kada su hana ku barci. Izinin zama yanzu a intanet yake, sai ku koyi fitar da lambar da ake nuna wa mai gida. Aiki kuma awa 20 ne a mako lokacin karatu, kada wani ya ruɗe ku.

Abin da nake so ku sa wa ido shi ne wasu ɗalibai da za ku haɗu da su a aji, wato Yahudawa. Bayan Landan, babu garin da ya fi Manchester yawansu a Birtaniya, musamman unguwannin Prestwich da Broughton Park. Wasu 'yan ƙasa ne, wasu kuma baƙi ne irinmu daga Faransa ko Amurka. Akwai masu riƙo da addini sosai, har wasu sukan yi shekara guda a makarantar addini a Isra'ila kafin jami'a. Akwai kuma wanda sai da ya bar gidan iyayensa ya fara tambayar kansa me zai riƙe daga al'adar kakanni. Ƙidayar 2021 ta nuna Yahudawa a Ingila da Wales ba su kai dubu 300 ba, Musulmi kuwa sun kusa miliyan 4. Duk da haka, a tsarin kula da ɗalibi sun yi mana nisa, kuma ban ga abin kunya ba a koyi da su.

Dubi batun gida, inda yawancinmu muka sha wuya. Bayahude mai kiyaye Asabar ba ya hawa mota ko taɓa wutar lantarki daga faɗuwar ranar Juma'a har duhun Asabar. Saboda haka kafin ya sa hannu a takarda ya auna tafiyar ƙafa zuwa wurin ibadarsu, ya tambaya ko ƙofa da makulli ake buɗe ta ko da katin lantarki, ya nemi tsofaffin ɗalibai su faɗa masa halin mai gidan. Tun ran gini tun ran zane. Mu fa? Yaro yana Kano zai tura kuɗin kafin alƙalami ga wani da ya gani a Facebook, ya sauka ya tarar babu ɗaki babu mutum. Ko ya kama ɗaki don araha, sai daga baya ya gano masallacin Juma'a sai ya hau bas biyu.

Ku riƙe wannan. A Ingila, tun 2019, kuɗin ajiya ba ya wuce hayar mako 5 a gidaje irin namu, kuma dole mai gida ya sa shi a asusun da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30, ya ba ku shaida. Mai gidana na farko a hannu ya karɓi nawa, babu rasit, ran da zan tashi ya nuna mini tabo a kafet wanda na tarar da shi a wurin, ya riƙe kuɗin gaba ɗaya. Ku ɗauki hoton kowane lungu ranar shiga. Za a nemi wanda zai tsaya muku ya biya haya idan kun kasa, ku fara nemansa tun kuna gida, ku kuma tambayi ofishin ɗalibai. Idan takarda ɗaya kuka sa wa hannu ku huɗu, wanda ya gudu da bashin haya a kanku za a nema. Ɗalibi mai karatun cikakken lokaci ba ya biyan harajin ƙaramar hukuma, amma sai ya kai shaidar makaranta.

In kun haɗa kicin da Bayahude, ku sani ba sa cin alade, kuma masu kiyayewa ba sa haɗa nama da madara, har tukwanensu da cokula daban ne. Kada ku ɗauki tukunyarsa ku dafa miya ba tambaya. Game da cin yankansu, aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta yi magana kan abincin Ahlul Kitabi, sauran bayani ku nemi malami. Amma tambarin kosha, wato shaidar abincin da addininsu ya halatta, a jikin kaya ba ya nufin babu giya a ciki.

Batun Gaza zai taso. Zafin da ke zuciyarku nawa ne ni ma, kuma akwai hanyoyin da doka ta yarda a nuna shi. Sai dai Bayahuden yaron da ke sanye da 'yar hula a bayan kai ba gwamnatin Isra'ila ba ne, su kansu suna saɓani a kan lamarin. Raina yana ɓaci idan na ga wanda bai yi wata guda ba ya tare ɗan ajinsu da baƙar magana. Ba tarbiyyarmu ba ce, kuma tana iya kai mutum gaban kwamitin ladabtarwa. Masu gadin da za ku gani a ƙofar wuraren ibadarsu ba ado ba ne: a Oktoban 2025 an kai hari wurin ibadarsu na Heaton Park a nan Manchester ranar babban azuminsu, an rasa rayuka.

Ƙungiyar ɗaliban Yahudawa ta ƙasa ta samo asali tun 1919, kuma kusan kowace babbar jami'a tana da reshe. Yara 'yan shekara 19 ke tsayawa zaɓe, su riƙe kuɗi, su dafa abincin daren Juma'a, su zauna da hukumar makaranta. Bukukuwansu manya sukan faɗo daidai farkon zango, don haka tun da wuri suke rubuta wa sashe idan lacca ko jarrabawa ta ci karo da ranar ibada. Mu ma muna da abin alfahari, don ban taɓa ganin Bahaushe ya kwana da yunwa a garin nan da saninmu ba. Abin da ya rage mana shi ne tsari. Ku shiga ƙungiyar ɗalibai Musulmi ko ta 'yan Najeriya a makon farko, ku karɓi aiki ko da jera kujeru ne, sannan ku duba jadawalin jarrabawa ku aika takardar Sallah da Juma'a kafin lokacin ya ƙure.